AKWATIN BABA TSOHO

A watan Oktoba na shekarar 2023 malaminmu na Tarihi ya ba mu wani aiki wanda da fari muka ɗauke shi abin wasa. Ya ce kowane ɗalibi ya koma gida ya nemi tsoho ko tsohuwa daga cikin danginsa, ya zauna ya saurari labarin rayuwarsu, ya rubuta, sa'an nan ya gwada abin da ya ji da abin da ke cikin littattafai. Ni dai ban sha wahalar nema ba, domin kakana na wajen uba yana gida ɗaya da mu a Fagge, kullum yana zaure bisa buzunsa. Baba Tsoho muke ce masa, mu jikoki. Aikin mako biyu aka ba mu, amma ni sai da na yi wata goma ina kansa, na cika littafin rubutu biyu, ban kuwa gama ba Allah ya karɓi abinsa a watan Agusta na 2024. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kaɗan daga cikin abin da na rubuta ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a nan.

Kafin in shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san cewa a gidanmu tsohon nan kamar mutum biyu ne. A wurinmu jikoki abokin wasa ne. Mukan cire masa hula, mu lalube aljihunsa mu kwashe dabino, ya bi mu da sanda yana dariya. Sa'ad da kakata Inna take da rai, kafin rasuwarta a 2018, maigida take ce mini, shi kuwa ya ce lalle sai ya kai ni gaban alƙali tun da na ƙwace masa mata. Amma a wurin mahaifina, wanda muke kira Abba, wani mutum ne dabam. Ban taɓa jin ya kira Abba da sunansa ba. In yana nemansa sai ya ce, "Ina yaron nan?" Abba kuwa, da furfurarsa da kome, yakan tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, in ya daɗe ya yi minti biyu, ya tashi. Wannan ita ce kunyar ɗan fari. Iyayenmu sun san ta sarai, amma da yawa cikin abokaina ba su tarar da ita ba. Uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa a gaban mutane, uwa kuwa tata kunyar ta fi haka tsanani.

In Abba ya ga muna wannan wasa da tsohon yakan girgiza kai ya ce, "Ku kun sami tsoho. Mu wuta muka tarar." Akwai wani abu guda da yakan ambata, yana yi kamar raha, amma mai lura ya san bai wuce masa ba. Shi yana yaro kasuwa yake so, ba ya ƙaunar makarantar boko ko kaɗan. Ran da aka gane ya yi mako guda yana tserewa wajen 'yan goro, mahaifinsa ya yi masa dukan da har yau da tabonsa a ƙafarsa, bai kuwa taɓa gaya masa dalilin wannan zafi ba.

Baba Tsoho bai san shekarar haihuwarsa ba, kamar yawancin tsararsa. Da abubuwan da suka faru yake lissafi. Ya ce yana kamar shekara goma sha uku, yana karatun allo a ƙauyensu can ƙasar Bichi, aka yi rasuwar Sarki Alhaji, watau Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Na duba na ga a watan Disamba na 1953 ne, saboda haka haihuwarsa ta kama wajen 1940. Ya ce kuma a shekarar zuwan Sarauniya kawunsa ya zo ganin gida, da zai koma ya tafi da shi. Sarauniyar Ingila ta zo Kano a watan Fabrairu na 1956. Inda suka nufa shi ne Kumasi, a ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, wadda ta zama Ghana ran 6 ga Maris, 1957. Sana'ar kawun nasa fataucin goro.

A nan sai da ya tsaya ya yi mini darasi na kwana uku a kan goro, ya ce wanda bai san goro ba ba zai gane labarinsa ba. Itacen goro ba ya yi a ƙasar Hausa, sai a kurmi inda ruwa ke da yawa, amma mu ne manyan masu cinsa, ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Tun kafin zuwan Turawa fatake suke haɗa ayari na jakuna a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da fatu da tufafin rini, su komo da goron da aka ɗauko daga dazuzzukan Asante, mutanen da tsofaffinmu ke kira Tonawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanya ta sake, aka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a sa shi a jirgin ƙasa. Alhaji Alhassan Ɗantata ma da wannan ciniki ya fara bunƙasa kafin ya shiga sayen gyaɗa. Da haka Hausawa suka kafa zango a Kumasi da sauran garuruwa, da masallatansu da makarantunsu da Sarkin Zangonsu, har aka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Goro, in ji shi, ɗan lele ne. Ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Aikin da aka fara sa shi shi ne gyara. A zazzage huhu a kan tabarma, a bi goron ɗaya bayan ɗaya, a fid da wanda sankara ta taɓa, domin guda ɗaya in aka bar shi sai ya lalata sauran, sa'an nan a sake sabon ganyen fita, a mayar a ɗaure. Ana ware manya irin su goriya da marsa dabam, ƙanana irin su minu dabam, ana ƙirgawa da ƙwarya, watau ɗari-ɗari. Har ya tsufa idonsa ya yi rauni, in aka miƙa masa goro yakan juya shi a tafin hannu kawai ya faɗi ko sabo ne ko daushe.

Shekara goma sha uku ya yi a Kumasi. Ya iya yaren Asante kamar a can aka haife shi. Ya tashi daga yaron kawunsa ya zama mai rumfar kansa, yana aika kaya arewa a mota zuwa Wagadugu da Yamai. A 1966 ya auri Inna, wadda haifaffiyar zangon ce, ubanta ma a can ya girma. A 1968 aka haifi Abba. Ya sayi keke da rediyo da agogon hannu, ya fara tara bulo zai yi gini. A duk tsawon wannan lokaci ba shi da wata takarda ko guda da ta nuna shi wane ne, ko daga ina ya zo, ko da izinin wa yake zaune. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, shi ma bai taɓa tunanin abin ba.

A nan ne na fara ganin amfanin abin da malaminmu ya ce na gwada baki da littafi. Baba Tsoho yana son Kwame Nkrumah ƙwarai, yakan ce da yana kan mulki da ba a taɓa baƙo ba. Sai na karanta cewa tun a 1957 gwamnatin Nkrumah ta yi dokar korar mutane daga ƙasa, ta kuwa yi amfani da ita a kan manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, waɗanda suke adawa da jam'iyyarsa, aka sa su a jirgi aka kawo su Nijeriya. A 1963 kuma aka yi dokar da ta wajabta wa baƙi neman izinin zama, ko da yake ba a tsananta ba. Da na gaya masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiyarka, aboki. Ina nan aka yi. Amma mu muka ce rigimar manya ce ta siyasa, ina ruwan mai gyaran goro. Mun ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, muka tsaya kallo."

An hamɓarar da Nkrumah a watan Fabrairu na 1966. A 1969 sojoji suka mayar da mulki ga farar hula, Dokta Kofi Busia ya zama Firayim Minista. Ƙasar tana cikin matsi a lokacin. Farashin koko, watau wanda ake yin cakulan da shi, wanda shi ne babban abin da Ghana ke sayarwa waje, ya faɗi warwas a tsakiyar shekarun 1960, bashi ya yi yawa, samari ba aikin yi. Ƙidayar 1960 kuwa ta nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas na mazauna ƙasar asalinsa baƙo ne, ƙananan sana'o'in kasuwa da yawa suna hannunsu. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnati ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin mako biyu, in ba haka ba ya bar ƙasar. Baba Tsoho bai san wannan kwanan wata ba. Abin da ya ce shi ne azumi yana da kamar mako guda suka ji a rediyo bayan shan ruwa. Ni da malaminmu muka lissafa, muka tarar lalle azumin shekarar Hijira 1389 ya kama ne wajen 11 ga Nuwamba. Tsohon bai kuskure ba.

Ba a samun izinin zama sai da fasfo, shi kuwa ba shi da shi, Inna ma haka, domin haihuwarta a can ba ta sa ta zama 'yar ƙasa ba. Ya tafi Akara, wadda yake kira Ankara, ya yi kwana uku a layi da ƙishirwar azumi bai kai bakin ƙofa ba. A rana ta uku wani mutum mai kwat da jakar hannu ya ja shi gefe, ya ce shi ma'aikaci ne a ciki, in zai ba da sidi arba'in zai fito masa da takardar kafin la'asar. Ya ba shi. Mutumin ya komo da wata takarda mai rubutun Turanci, da kan sarki a manne, da sa hannu a ƙasa. Baba Tsoho ya koma Kumasi da murna, har ya ce wa maƙwabta su suke ɗaure kaya, shi kam ya gama. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da lissafin cinikinsa duka da ajami, amma baƙin boko ko ɗaya bai sani ba.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika 'yan sanda suka biyo layin rumfunansu. Ya miƙa takardarsa da ƙarfin gwiwa. Wanda ya karɓa ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi, suka fashe da dariya, suka jefa masa abarsa. Ba su ma tsaya gaya masa mece ce ba. Waɗanda suka fara shiri tun ranar farko sun sami abin da suka samu. Shi kuwa cikin yini ɗaya ya sayar da kome. Huhu goma sha ɗaya na goro ya ba da su a kuɗin biyu. Keken da rediyon ba su kai kuɗin motar mutum guda ba. Bulon kuwa ko tayawa ba a yi ba, tun da kowa ya san zai tafi ya bar shi.

Mutane dubu ɗaruruwa ne suka fita daga Ghana a wannan lokaci, 'yan Nijeriya da Togo da Nijar da Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Cikin 'yan Nijeriya Yarabawa suka fi yawa. Su Baba Tsoho sun shiga bayan wata babbar mota, mutane da kaya a cakuɗe, suka bi ta Akara suka nufi Aflawo, bakin iyakar Togo. Inna tana da tsohon ciki. Abba yana da shekara ɗaya da rabi, zawo ya kama shi tun a hanya, har ya daina kuka. Saura kamar mil goma sha biyu a kai iyaka motar ta mutu, direba ya ce ba ta tashi. Aka sauka aka kama tafiyar ƙasa.

Da ya kawo nan a labarin sai ya sa na rufe ƙofar zaure. Ya ce Inna ba ta iya goyo, ga ƙullin kaya a kanta, ga shi kafaɗarsa ta gaji, kan yaron kuma sai lanƙwashewa yake yi. Sai ya warware rawaninsa, ya durƙusa, ya ce ta ɗora masa yaron a baya, ya ɗaure shi tamau kamar yadda mata ke yi. Namiji Bahaushe, da goyon ɗansa na fari, a tsakiyar jama'a! Ya ce ko mutum ɗaya bai dube shi ba, kowa ta kansa yake yi. Duk ɗan lokaci kaɗan sai ya tsaya cik ya riƙe numfashinsa don ya ji ko bayansa yana motsi. Wata Bayarabiya 'yar Ogbomosho, wadda ta ga halin da suke ciki, ta dama kamu da ɗan gishiri ta riƙa ɗura wa yaron da cokali. A Lome ya sayar da agogonsa ya sayi magani. Bai san sunan matar nan ba, amma ya ce tun daga ranar ba ya yin addu'a ya bar ta.

Suka ratsa Togo da Dahome, wadda ta koma Benin a 1975, suka shigo Nijeriya ta Idiroko. Ƙaramar salla a tashar jirgin ƙasa ta Iddo ta same su, a kan kwali. Yaƙin basasa bai ƙare ba tukuna, sai ran 15 ga Janairu, 1970, saboda haka ya ce ko'ina sojoji ne da bincike. Tafiyar mil ɗari bakwai ta kawo su Kano cikin sanyin hunturu, Inna tana ta kyarma domin ba ta taɓa ganin irinsa ba. Wani ɗan garinsu ya ba su ɗaki ɗaya a Fagge. Mutumin da ke da rumfa da yara a Kumasi ya koma gyara wa wasu goro ana biyansa da yamma.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo a bakinsa. A hankali aka gane gwaninta tasa, aka fara ba shi kaya bashi. Sa'ad da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a farkon 1973, fam ɗaya naira biyu, ya riga ya fara zuwa Shagamu saro da kansa, domin goron da ake ci a Arewa a lokacin yawancinsa daga ƙasar Yarabawa yake zuwa. Ya sayi gidan da muke ciki, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya tara. Daga baya ya koma kasuwar goro ta Mariri, a can ya zauna har ƙafa ta gaza.

Amma abin da bai taɓa barinsa ba shi ne maganar takarda. Yana da wani akwatin ƙarfe kore a ƙarƙashin gadonsa, makullin yana rataye a wuyansa. Ran da ya buɗe mini na ga abin mamaki. Takardun haraji suna nan a jere tun daga 1970 har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Ga katunan zaɓe na kowane zamani, ga takardar gida, ga rasiɗin wuta da na ruwa, ga fasfo uku, ko wanne ya mutu sai ya sake wani ko da ba inda za shi. A bayan kowace takarda ya rubuta da ajami ko mece ce, bayan ya sa an karanta masa, kuma ba ya yarda sai mutum biyu dabam-dabam sun karanta bakinsu ya zo ɗaya.

A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE. Maƙwabta da yawa suna ɓoye 'ya'yansu, shi kuwa tun da asuba ya kama hannun Abba, yana ɗan shekara takwas, ya kai shi aka rubuta. Na tambaye shi labarin dukan nan. Bai musa ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce, "Na same shi a 'yan goro yana gyara, hannunsa kuwa ya fi nawa kyau. Da na gan shi zaune a kan tabarmar nan sai na ga kaina a Kumasi, na ga 'yan sandan nan suna dariya. Ban san sa'ad da na ɗauki igiyar huhu ba. Na wuce iyaka, na sani." Daga ranar, har wata uku, shi yake raka shi ƙofar makaranta, yana tafe a baya da nisa kamar ba tare suke ba.

A shekarun nan arzikin man fetur ya jawo mutanen Ghana da yawa zuwa Nijeriya, domin tasu ƙasar ta ƙara shiga wahala. Wani tela daga cikinsu ya kama shagon da ke jikin zaurenmu. Ran da Baba Tsoho ya gaishe shi da yaren Asante, ya ce saura kaɗan mutumin ya faɗo daga kan kujera. Shi ne yake duba wa Abba aikin Turanci da dare. Sai ga shi a watan Janairu na 1983, bayan farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su fita cikin mako biyu. Ko da yake ƙasashen ECOWAS sun amince tun 1979 cewa ɗan wata ƙasa yana iya shiga wata ba biza, iyakar zaman kwana casa'in ne, yawancinsu kuwa sun yi shekaru. Wajen mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka fita, suka cushe a bakin iyakoki, a kan hanyar nan dai ta Kwatano da Lome da Aflawo. Jakar nan mai zane-zane da har yau muke kira Ghana Must Go daga nan ta samo sunanta, mu kuwa muna faɗi ba mu san nauyin abin ba.

Mutane suka taru a shagon telan suna taya keken ɗinkinsa a wulaƙance. Baba Tsoho ya tafi kanti ya tambayi kuɗin sabo, ya komo ya ƙirga masa daidai, ya ƙara masa da guzuri, ya raka shi tasha. Wasu suka ce ai ramuwa ce, su suka fara. Ya ce musu wanda ya kore shi ba tela ba ne, wannan kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Keken yana nan a ɗakin Inna har yanzu. Ni a ganina, gwamnati tana da ikon sanin wanda ke zaune a ƙasarta, amma wa'adin mako biyu ga mutumin da ya yi shekara goma ko talatin a wuri ba neman bin doka ba ne, a can da nan duka.

A can ƙasan akwatin akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, an naɗe ta huɗu. Ita kaɗai ce ba a rubuta kome a bayanta ba. Ya daɗe yana riƙe da ita, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, "Aboki, kai da kake taƙama da boko, karanta mini wannan." Na buɗe a hankali don kada ta yage. Takardar neman buɗe asusun ajiya ce a gidan waya, irin wadda ake ɗauka kyauta a kan kanta. Ko cike ta ba a yi ba, an dai manna mata kan sarki an yi wani zane a ƙasa. Na rasa yadda zan faɗa, amma na faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To, ai bai yi ƙarya ba. Ajiyar kuwa na yi, ga ta nan shekara hamsin da huɗu." Na ce don me bai taɓa ba Abba ya karanta masa ba? Ya ce, "Yaya uba zai miƙa wa ɗansa wautarsa? Kai dai aboki ne, in ka yi mini dariya na rama."

Na sha yin niyyar in gaya wa Abba waɗannan abubuwa tun tsohon yana da rai, sai in ga kamar ba hurumina ba ne. Yanzu ina ganin kuskure na yi. Kunya ado ce, ba na musun haka, amma ga mutum biyu sun yi fiye da shekara hamsin suna gaisuwar minti biyu, alhali maganar da za ta warware tsakaninsu tana ƙarƙashin gado a kulle.

Ciwonsa na ƙarshe kwana tara ne. Ya rasu ran wata Alhamis da hantsi, aka kai shi bayan azahar. 'Yan goro suka rufe rumfunansu suka zo. Bayan kwana bakwai Abba da ƙannensa suka buɗe akwatin a gaban malamin da zai raba gado. Ban da abin da na riga na gani, sai ga wani ƙulli a cikin farin ƙyalle wanda ni ma bai taɓa nuna mini ba. Takardun sakamakon jarrabawar Abba ne, tun daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen sakandare, ba wadda ta ɓace. A bayan kowace ya rubuta da ajami: na goma sha biyu, na bakwai, na uku. Abba ya ce shi iyakar saninsa in ya kawo takardar nan tsohon yakan ce, "Ajiye can," ko kallonta ba ya yi.

A daren nan na ɗauki littattafaina biyu na same shi a zaure shi kaɗai, zaune a gefen buzun, bai hau kai ba. Na ce, "Abba, akwai abin da Baba Tsoho ya faɗa mini, ina so in karanta maka." Ya ce in karanta. Na fara tun daga Bichi. Bai katse ni ba har na kai wurin da mota ta mutu. Da na gama wannan shafin sai ya ce in maimaita, na maimaita. Ya tambaye ni mil nawa, na ce goma sha biyu. Ya yi shiru mai tsawo yana kallon ƙasa.

Can ya ce, "Da yake ba ka labarin nan, me yake ce mini? Yaron nan?"

Na ce, "A'a, Abba. A wurin goyon nan sunanka ya faɗa."

Ya ce, "Sunana na yanka?"

Na ce, "I, har sau biyu. Ga shi nan na rubuta yadda ya faɗa."

Ya karɓi littafin, ya matsa kusa da fitila, ya sa yatsa a kan layin ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce in bar masa shi zuwa safe, ya ɗauki buta ya fita tsakar gida.